Fim ɗin da ya sa gidan kallon Sabo ya yi tsit

Sabo Mai Gidan Kallo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya. Daren Juma'a babu ƙwallo, sai na ce bari in sa wa yara fim tunda na riga na zuba wa janareta mai. Auwalu ne ya tura min wani tsohon fim na Amurka, The Green Mile, na 1999, wanda Tom Hanks ya fito a gandiroba mai tsaron waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Awa uku ne cur. Na ɗauka kafin a kai rabi kowa zai kama gabansa. Wallahi har mai shayin bakin ƙofa sai da ya bar tukunyarsa ya shigo. Da aka zo inda za a ɗaure ƙaton mutumin nan a kujerar lantarki, ya roƙi kada a rufe masa fuska don yana tsoron duhu, ɗakin nan da kullum yake kamar kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Bayan an tashi wani dattijo ya tare ni a waje, ya ce in daina kawo irin waɗannan finafinan, wai ina koya wa yara tausayin masu kisan kai. Ban mayar masa da magana ba. Shi ne na kawo muku: laifi na yi?

Auwalu Mai Caji: Ni dai tura fim na yi, a cire sunana daga shari'a.

Malam Habu Firamare: Wa alaikumus salam. Sabo, ai mutumin da ke cikin wannan fim ɗin bai kashe kowa ba, ƙazafi aka yi masa. To tausayin mai kisa ta ina? Tausayin wanda aka zalunta ne, kuma wannan ba abin hana yara ba ne.

Sabo Mai Gidan Kallo: Haka na faɗa a zuciyata, Malam. Amma ka tuna akwai ɗaya fursunan, mai ɓeran nan. Shi ya aikata. Wani mugun gandiroba ya ƙi jiƙa soson da ake ɗora masa a ka da gangan, wutar ta yi ta cin sa yana ihu. A wajen nan ma yara sun yi ta salati, wasu suka kau da kai. Ka ga shi mai laifi ne, kuma an ji tausayinsa.

Malam Habu Firamare: To ai ko rago za ka yanka an ce ka wasa wuƙa.

Ibro Ɗan Indiya: Ku kuna ta maganar Amurka. Wanda bai ga yadda 'yan Indiya ke nuna rataya ba bai ga komai ba. Bhagat Singh, ɗan gwagwarmayar 'yancin Indiya da Turawan Ingila suka rataye a Lahore ranar 23 ga Maris 1931, yana ɗan shekara 23, finafinai nawa aka yi a kansa? Na Ajay Devgn na 2002 sau huɗu na kalla. Mutum yana tafiya wajen igiya yana murmushi kamar za shi ɗaurin aure.

Auwalu Mai Caji: Kuma ana waƙa. Indiya ko za a rataye mutum sai an busa sarewa.

Malam Habu Firamare: Ibro ka tuna min. A shekarar nan ta 1931 ɗin dai, ranar 16 ga Satumba, Italiyawa suka rataye Umar Mukhtar a Libiya, a gaban dubban mutanensa da suka tara a sansani. Fim ɗinsa kuwa wa bai gani ba a garin nan? Tun zamanin kaset muke kallonsa, har tsofaffinmu. Malamin allo, ya haura saba'in, ya shekara kusan ashirin yana yaƙar sojan Italiya. Da tabaransa ya faɗi bayan an rataye shi, yaro ƙarami ya ɗauka, akwai wanda bai share ido ba? Ban taɓa jin wani dattijo ya ce a daina nuna shi ba. Italiya ce ma ta hana haska shi a ƙasarta shekara da shekaru.

Malam Isiyaku: Malam Habu, Allah ya ƙara sani, amma kada a haɗa Umar Mukhtar da ɗan fashi. Shi mujahidi ne da mamaya ta kashe. Abin da dattijon nan yake tsoro daban ne, kuma ni na fahimce shi. Yawancin finafinan da Turawa ke yi a kan wannan batu da manufa ake yin su: a nuna cewa kashe wanda ya yi kisa dabbanci ne, a soke shi gaba ɗaya. Mu kuwa Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 179, akwai rayuwa gare mu a cikin ƙisasi. Yaro ya kalli irin wannan goma, ranar da ya ji ayar sai zuciyarsa ta yi masa gardama.

Malam Habu Firamare: Allah gafarta Malam, ba na ja da aya. Amma ayar da ke gabanta, ta 178, ita ce ta buɗe ƙofar yafiya da diyya. Kuma ku ne kuka karantar da mu cewa a tunkuɗe haddi idan akwai shubuha. Fim ɗin da ya nuna an kashe marar laifi saboda shaidar ƙarya ai wa'azin ku yake yi muku.

Malam Isiyaku: Wannan gaskiya ne. Kuskuren alƙali wajen saki ya fi sauƙi a kan kuskurensa wajen kisa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki kuskure ɗaya a rushe hukuncin da shi.

Zainabu Lauya: Ina wuni iyayena da yayyena. Har yanzu ɗaliba ce ni, sunan Lauya Auwalu ne ya laƙa min, amma bari in sa baki. Baba Malam, ba kuskure ɗaya ba ne. Akwai fim na 2019, Just Mercy, wanda labarinsa ya faru da gaske. Wani baƙar fata mai sana'ar yankan itace a jihar Alabama, Walter McMillian, aka ɗora masa kisan wata budurwa. Ranar da abin ya faru yana gida ana suyar kifi, mutane da yawa sun gan shi, amma aka ɗauki maganar wani mai laifi da aka matsa wa ya yi ƙarya. Masu taya alƙali yanke hukunci sun ce ɗaurin rai da rai, alƙalin ya ce a'a, kisa. Sai 1993 aka sake shi, bayan kusan shekara shida yana jiran mutuwa, kuma don ya dace da lauya mai naci ne, Bryan Stevenson. Wannan a ƙasar da ke da kuɗi da kayan bincike ke nan. To mu nan fa, da ake kai mutum kotu da takardar amsa laifi da ya dangwala wa yatsa bai san abin da aka rubuta a ciki ba?

Auwalu Mai Caji: Lauya ta iso, kowa ya gyara zama.

Hajiya Rabi: Tun ɗazu ina karantawa, na ce ba zan yi magana ba, amma na kasa. Ku duka kuna kallon fuskar wanda za a kashe. Haka mai kyamara yake so. Zai nuna muku uwarsa, ya nuna abincinsa na ƙarshe, ya nuna hannunsa na rawa. Shi wanda aka kashe tun farko fa? Minti biyu a farkon fim, ko hoto a jikin bango, shi ke nan. Yayana a gona aka sare shi da gatari a kan iyakar da ba ta kai taku biyar ba, ana tsakiyar noman farko. Shi ba a ba shi abincin ƙarshe ba. Furarsa ma tana ƙarƙashin bishiya ba a buɗe ba aka ɗauko gawarsa. Ya bar 'ya'ya shida. Babu mai yin fim a kan yadda aka ciyar da su.

Sabo Mai Gidan Kallo: Innalillahi. Hajiya ki yi haƙuri, na fama miki ciwo. Allah ya jiƙansa.

Malam Isiyaku: Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta.

Zainabu Lauya: Allah ya jiƙan Kawu. Mama, maganarki ita ce gaskiyar da yawancin finafinan ke gudu. Amma akwai guda da bai gudu ba, Dead Man Walking, na 1995. Shi mutumin ciki ya aikata, mugu ne, baki gare shi marar daɗi, sai daf da za a yi masa allurar mutuwa ya amsa laifinsa. Kuma an shiga gidan iyayen yaran da aka kashe, an zauna da su. Akwai inda suka kori matar cocin da ke ziyartar fursunan daga gidansu, da suka gane ba ta bar ɓangarensa ba. Ni da na kalla ban san wanda zan bi ba.

Hajiya Rabi: Da ni ce ma korar ta zan yi.

Nura: Salamu alaikum. Ina zaune da Baba ne, na karanta masa duk abin da ake yi, ya ce in rubuta masa. Ga saƙonsa, yadda ya faɗa:

Ku gaishe min da Malam Isiyaku da Rabi. Na yi shekara 31 ina gandiroba kafin in yi ritaya, kuma na yi aiki a sashen da muke kira kwandam, inda ake tsare waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Duk finafinan da kuke lissafawa, na ga biyu a ciki, kuma ba ƙasarmu suke nunawa ba. Can ana gaya wa mutum rana da sa'a, a kira lauyansa, a kira 'yan jarida. Mu nan abin da ke cin mutum rashin sanin ranar ne. Na san wanda ya shigo ba shi da gemu, na bar shi da furfura, kuma kullum da asuba in ya ji ƙarar makullai ba a lokacin da ya saba ba sai ya miƙe tsaye ya fara kalmar shahada. Shekara da shekaru haka. In aka ga baƙon ofisa ya shigo da fayil, ranar babu mai cin abinci. In aka ce wani ya zo a auna nauyinsa, ko don asibiti ne, sai gudawa ta kama shi, don kowa ya san da nauyin mutum ake lissafin tsawon igiya, kuma da buhun yashi ake gwada ta.

Wasunsu sun haddace Alƙur'ani a ciki. Akwai wanda shi yake jan mu salla, mu masu kaki muna bayansa. Wasu kuma sun zare, suna magana da bango. Akwai wanda har na bar aiki yana rantsuwa bai yi ba, akwai kuma wanda ya gaya min da bakinsa ya yi, kuma in aka sake shi zai ƙara. Duk ɗaki ɗaya suke, tabarma ɗaya. Ban taɓa ganin an rataye kowa da idona ba, kuma na gode wa Allah. In mai fim yana son gaskiyar wurin, to ya ajiye kyamara a ƙofar ɗaki ya nuna mutum yana zaune. Amma wa zai biya Sabo kuɗin shiga ya kalli zama?

Sabo Mai Gidan Kallo: Baba Ɗanjuma, Allah ya ƙara girma. Wannan saƙon ya fi fim ɗin da na nuna.

Ibro Ɗan Indiya: Baba, to me ya sa ba a zartarwa? Ba igiya ce ta ƙare ba dai.

Zainabu Lauya: Yaya Ibro, sa hannu ne. Kotu tana yanke hukunci, a ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli in da hali, amma ba a taɓa mutum sai gwamnan jiha ya sa hannu a takardar. Gwamnoni kuwa gudun ta suke yi. Shi ya sa mutanen da ke jiran kisa a gidajen yarin Najeriya sun haura 3,000. Tun dawowar farar hula a 1999 waɗanda aka ji an zartar wa ba su da yawa. A Janairun 2002 an rataye Sani Yakubu Rodi a Kaduna, bayan kotun shari'ar Musulunci a Katsina ta same shi da kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. A 2013 an rataye mutum huɗu a Edo zamanin Oshiomhole, sai wasu uku a Disambar 2016, nan ma Edo. Hukuncin jifa kuwa, duk hayaniyar da aka yi a kan shari'ar Safiya a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, kotunan sama ne suka sallame su a 2002 da 2003. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ma ta ce wanda ya gama ɗaukaka ƙara kuma ya shekara goma ba a zartar ba, babban jojin jiha zai iya mayar masa da shi ɗaurin rai da rai.

Auwalu Mai Caji: Lokacin shari'ar yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya kashe a Kano, ai Ganduje cewa ya yi ko sakan ɗaya ba zai ɓata ba zai sa hannu. An yanke hukunci a 2022, ya sauka a 2023.

Zainabu Lauya: Ba a sa hannu ana tsakiyar ɗaukaka ƙara, Yaya Auwalu. Shari'a kan fi wa'adin gwamna tsawon rai.

Malam Isiyaku: To kun ga inda gizo ke saƙar. Wannan ba ƙisasi ba ne, ba kuma yafiya ba ce. A shari'a jinin na magada ne. Su za a tara a tambaya: kisa kuke so, ko diyya, ko kun bar wa Allah? Ko mutum ɗaya cikinsu ya yafe, kisa ya faɗi. A gama magana kowa ya san matsayinsa. Ba a ajiye bawan Allah shekara ashirin tsakanin rai da mutuwa ba, su ma masu jini a bar su a rataye.

Zainabu Lauya: Haka ne Baba Malam, amma yawancin shari'ar kisa babbar kotun jiha ake kai ta, ƙarƙashin sashe na 221 na kundin dokokin laifuka, wato Final Kod (Penal Code). A can gwamnati ce mai ƙara, dangin mamaci shaidu ne kawai.

Hajiya Rabi: Shi ne abin da ya same mu. Shekara 14 ke nan da aka ce an yanke wa wanda ya kashe yayana hukunci. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ce mana me kuke so. Innarmu har ta rasu tana tambaya ko an yi. Ni kuma, in faɗa muku gaskiya, yau da za a tambaye ni ban san amsar da zan bayar ba. Shekarun farko da an ba ni igiyar da hannuna zan ja. Yanzu uwarsa nake gani a bakin rijiyar burtsatse, ta tsufa ta rankwafa, in ta hango ni sai ta sauya hanya. Da diyya aka karɓa tun farko da yaran nan sun yi karatu.

Malam Habu Firamare: Allah ya ba da haƙuri, Hajiya. Ni abin da ya dame ni da maganar hana yara kallo shi ne, iyayenmu ba a fim suka kalla ba, ido da ido suka gani. Zamanin soja a fili ake harbe 'yan fashi, a ɗaure su a jikin turaku, ga durom-durom cike da yashi a bayansu, jama'a su taru kamar ranar hawan salla. Oyenusi a bakin teku a Legas aka harbe shi a 1971, dubban mutane na kallo. Anini a 1987 a Binin. Fashi ya ƙare? Kuma da dokar soja aka rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar 'yan Ogoni, da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995. A 1985 an harbe samari uku kan hodar iblis da dokar da aka kafa bayan sun aikata laifin. Duk wannan tarihinmu ne, ba na Amurka ba, kuma 'yan ajina ba wanda ya san ko ɗaya.

Malam Isiyaku: Malam Habu, zaluncin soja ba hujja ba ne a kan hukuncin Allah. Amma na yarda a san tarihi.

Ibro Ɗan Indiya: To 'yan Kannywood me suke jira? Ga labari a ƙofar gida.

Auwalu Mai Caji: Namu in alƙali ya buga guduma ya ce za a rataye shi har sai ya mutu, sai uwa ta faɗi sumammiya, sai a rubuta mu haɗu a kashi na biyu. A kashi na biyu kuma a gano ashe kishiya ce ta yi.

Sabo Mai Gidan Kallo: Kai Auwalu ba ka da dama. Amma ka san ba za su samu shiga gidan yari da kyamara cikin sauƙi ba, ga kuma Hukumar Tace Finafinai. Kuma wa zai zuba kuɗinsa a fim ɗin da babu soyayya?

Nura: Baba ya ce a gaya wa Sabo ba sai an shiga Kurmawa ko Goron Dutse ba. Ɗaki ɗaya, tabarma, bokiti da ƙofar ƙarfe sun isa. Ya ce in sun tashi shi zai nuna musu yadda ake riƙe makullai, don na cikin finafinai duk ba su iya ba. Ya kuma ce a da can mai wannan aikin a gidan sarauta hauni ake ce masa, kuma kakarsa ta gaya masa ko a kasuwa mutane ba sa son haɗa ido da shi. Wai wanda ya kamata a yi fim a kansa ke nan, mai aikin da kowa ke so a yi amma ba mai son ɗansa ya gada.

Malam Habu Firamare: Wannan kuma wata muhawarar ce guda.

Sabo Mai Gidan Kallo: To ni dai har yanzu ba a ba ni amsa ba. In ci gaba da nunawa ko in bari?

Malam Isiyaku: Ka nuna, amma ka kori ƙananan yara in an zo wajen kisan. Kuma ka riƙa tsayar da fim in lokacin salla ya yi, wannan ya fi damuna.

Hajiya Rabi: Sabo, dattijon da ya tare ka, mai farar hula da sandar gora?

Sabo Mai Gidan Kallo: Shi ne, Hajiya.

Hajiya Rabi: Baffanmu ne. Shi ya ɗauko gawar daga gona a kan amalanke. Jikansa ya je nema a wajenka, ƙaramin ɗan marigayin, ya tarar da shi a gaba-gaba yana hawaye.

Sabo Mai Gidan Kallo: Subhanallahi. Wallahi ban sani ba. Gobe bayan sallar asuba zan je in gaishe shi.

Hajiya Rabi: Ka je, amma kada ka ɗauko masa zancen. Ka tambaye shi gero kawai. Auwalu, wannan da Zainabu ta faɗa, mai iyayen yaran, kana da shi?

Auwalu Mai Caji: Akwai, Hajiya, sai dai ba fassara, Turanci ne zalla.

Zainabu Lauya: Ina gida har Lahadi, Mama. Zan zo mu kalla tare in riƙa gaya miki abin da suke cewa.

Auwalu Mai Caji: To a aiko yaro da wayar bayan la'asar. A duba mimori tukuna, wancan karon cike yake da hotunan biki.